Turancin da Makbule Ta Haddace

Shafi na 17

Masu turo mini saƙo cewa na daɗe, ku yi haƙuri. Wannan wurin ne ya yi mini nauyi. Ga shi.

Ruwan sama bai ɗauke ba tun safe. Falon gaba ya cika da mata, malama tana rera maulidi na sadakar arba'in ɗin Erdal, muryarta na shigowa har kicin. Makbule, uwar mamacin, ta ƙi zama a cikinsu. Tana tsaye gaban murhu tana juya helva, alewar da ake yi don sadakar mamaci, gari da man shanu suna ƙamshi, fuskarta a bushe kamar ba ɗanta ake wa addu'a ba.

Ƙofa ta buɗe. Nurten ce, 'yarta, ta shigo da Jemma, Baturiyar da Erdal ya aura a Landan. Da hantsi Jemma ta iso da 'yarta, yau ne farkon takowarta ƙauyen. Ba ta zo jana'iza ba, an ce takardun yarinya ne suka tsaya. Yarinyar, Sedef, tana maƙale da ƙafar uwarta. Tun da suka zo Makbule ke miƙa mata hannu, ita kuma tana ɓoye fuska.

"Anne, ki zauna mana," in ji Nurten, don haka ake kiran uwa da Turkanci. "Dubi yadda ƙafarki ta kumbura."

"Ƙafata ce. Ba wa matar ɗan'uwanki muciya. Kowa na gida sai ya juya masa helva, ko ita ba ta gida ba ce?"

Nurten ta faɗa wa Jemma da Turanci. Jemma ta karɓi muciyar da hannu biyu, tana juyawa a hankali kamar mai tsoron kada tukunyar ta fashe.

Duk maganar da za ta shiga tsakanin matan nan biyu sai ta bi ta bakin Nurten. Ita ce ta yi karatu a Ankara, ita ce ke magana da Turawa a kamfanin da ke sayen findik, wata irin gyaɗar bishiya da ake nomawa a garin, yana fitarwa waje.

"Tambaye ta," in ji Makbule, "me ya ci ranar ƙarshe?"

Nurten ta tambaya. Jemma ta tsaya da juyi. Ta yi magana, ta yi magana, ta nuna maƙogwaronta, ta girgiza kai, hawaye na zuba a kan rigarta.

"Ta ce miyar baƙin kabeji ya sha. Irin taki. Ta ce ya yaba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ita ta yi huɗuba, ke kin ba ni miya."

"Turanci haka yake, Anne, yana da tsawo."

"To. Rufe ƙofar nan."

Abin da aka faɗa wa Makbule shi ne zuciyar Erdal ce ta tsaya a wurin aiki. Lafiyarsa ƙalau da safe, kafin la'asar babu shi. Ta yarda, don me za ta ƙi yarda? Sai dai ranar da aka kawo gawa, matar mai wankan gawa ta zo mata gaisuwa, bakinta ya kuɓuce.

"Allah sarki Erdal. Mijina ya ce da hannu ɗaya ya juya shi. Ko gashin gira babu."

Wata ta taka mata ƙafa, ta yi shiru. Makbule ta ga takun.

Erdal da ke ɗaukar buhun findik biyu ya hau tudu da su yana waƙa. Mutumin da ya faɗi rana ɗaya ba ya ƙarewa haka.

Ta tambayi Nurten, Nurten ta ce sanyin jirgi ne. Ta tambayi mijinta Niyazi, ya ce ta ji tsoron Allah ta bar mamaci ya kwanta. Daga nan ba ta ƙara tambayar kowa ba. Da ta ji cewa Baturiyar za ta zo arba'in, sai ta ce za ta sauka gari awon hawan jini. Ba asibiti ta je ba. Gidan Malama Perihan ta je, tsohuwar da ta koyar da Turanci a makarantar gari har ta yi ritaya. Ta kai mata man shanu da cuku a kwano.

"Ina so ki koya mini yadda Turawa ke cewa sani."

Malama Perihan ta gyara tabarau, ta ji daɗi, an daɗe ba a tambaye ta komai ba.

"Ai abin da faɗi, Makbule. Su kalma ɗaya ce babba gare su, mu kuwa mun rarraba. Wanda ake karantawa a makaranta mu ce bilgi. Na malaman addini mu ce ilim. Wanda tsofaffi ke da shi a zuci, ba a littafi ba, mu ce irfan. Akwai kuma..."

"Malama, ba jarrabawa zan zauna ba. Shin ya sani? Wa ya sani? Su nake so. Da yadda za ta ce e, da yadda za ta ce a'a."

Malama ta cire tabarau ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ba ta tambayi dalili ba. Ta faɗa, Makbule ta maimaita. Ta sake faɗa, ta sake maimaitawa. Makbule ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta haddace surori tun tana yarinya ba tare da ta san Larabci ba. Haka ta ɗauki wannan ma. A motar komawa ƙauye tana bitarsa, wajen tatsar saniya tana bitarsa, har saniyar ta saba.

Yanzu ga ƙofa a rufe, ga Baturiya a gabanta.

Ta kama haɓar Jemma ta juyo da fuskarta.

"Did hi nou?"

Muciya ta faɗi cikin tukunya.

"Anne!" Nurten ta dafe ƙirji. "A ina kika... wa ya koya miki wannan?"

"Ba da ke nake ba."

Nurten ta juya ga Jemma ta shiga zuba Turanci da sauri, ƙasa-ƙasa, tana haɗa tafin hannu. Ko ba ka jin yaren ka san roƙo ne. Jemma ta saurare ta har ta gama. Sai ta girgiza kai.

Ba da Turanci ta amsa ba. Da Turkanci ta amsa, kalma ɗaya, a karkace amma a fili.

"Biliyordu."

Ya sani.

Makbule ta saki haɓarta. Ta lalubi kujera da hannu, ba ta zauna ba, riƙe ta kawai ta yi.

Jemma ta ci gaba da guntun yaren da ta tsinta a bakin mijinta. "Likita ya faɗa. Kafin sanyi. Ciwo a nan." Ta dafa cikinta. "Ya sani, Anne. Da daɗewa."

Kafin sanyi. Sanyi ya zo ya wuce, ciyawa ta fito, findik ya nuna aka tsinke shi aka shanya. Duk wannan ɗanta yana mutuwa, ita tana nan tana faɗa da maƙwabta a kan kaza.

Saura tambaya ɗaya a bakinta.

"Hu niu?"

Idon Jemma ne ya tafi kan Nurten, ya dawo ƙasa.

"Ba sai ta faɗa ba," in ji Nurten. "Na sani. Ni ce nake magana da likitocinsa ta waya. Na sani, Anne."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Tun farko." Makbule ta gyaɗa kai. "Ranar da muke shanyar findik a tsakar gida, da ya kira, kin sani?"

"Anne, don Allah."

"Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani."

"Ke kika riƙe mini wayar a kunne, don hannuna duk ƙasa ce. Na ce ina hotonsa, me ya sa ba na ganinsa? Kika ce wayarsa ce ta lalace."

Nurten ta rufe baki da gefen mayafi.

"Me ya ce mini? Faɗi. Ke ce mai ilimi, ke ba kya mantuwa."

"Ya ce... ya ce ki yafe masa haƙƙinki."

"Ya ce, Anne, ki halatta mini nonon da kika ba ni. Ni kuma me na ce?"

Makbule ta matso kusa da ita.

"Me na ce, Nurten!"

"Kika yi dariya."

"Na yi dariya! Na ce yaƙi za ka tafi ne da kake neman yafiya ta waya? Na ce ba zan yafe ba sai ka zo da ƙafarka, ka kawo mini jikata na gani, ka ɗauki kwando ka shiga gona kamar ɗan mutane. Na ce in kana so, zo ka karɓa. Wasa nake yi! Tarko na ɗana masa don ya zo gida! Ya ce, Anne, faɗi dai yanzu. Na ce ban faɗa ba, je ka, ina da aiki."

Ta buga ƙirjinta da dunƙulen hannu.

"Kina tsaye a nan, kafaɗarki na taɓa tawa. Ba sai kin ce yana mutuwa ba. Ki taɓa ni kawai. Ki ce, Anne, faɗa masa mana, me zai rage ki? Ko wannan ba ki yi ba. Kika kashe wayar kika sa a aljihu, kika ce a ɗauko tabarma hadari ya taso."

"Shi ya sa na rantse! Ya sa na dafa Alƙur'ani ta waya! Ya ce zuciyarki ba za ta ɗauka ba, bayan aikin da aka yi miki. Likitanki ma ya ce kada a tayar miki da hankali. Mun ce ko zai samu sauƙi, ko zai iya tashi ya zo..."

"Zuciyata." Makbule ta yi wata dariya marar daɗi. "Ga ta nan. An kawo mini shi a akwati, ba ta tsaya ba. Na ga an zuba masa ƙasa daga bayan katanga, ba ta tsaya ba. Tana nan tana bugawa kamar ta jaki. Ita kuka tsare? To kun tsare ta. Ku dafa ku ci."

"Anne, a jana'iza liman ya tambaya, kowa ya yafe masa..."

"Maza suka yafe masa! Mai shagon shayi ya yafe masa, direban mota ya yafe masa. Me suke binsa? Ni ce na ɗauke shi wata tara. Ni ce na tsaya a baya cikin mata ina ihu na yafe, na yafe, ga wanda ba ya ji."

Daga falo muryar malama ta ɗaga, mata suka amsa da salati. An zo wurin da ake miƙewa tsaye. Wata ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin.

"Makbule, ana jiranki. Helvar fa?"

"Tana zuwa."

Makbule ta juya ga Jemma, wadda ta ɗauki yarinyar ta rungume, tana kallon bakunansu ba ta gane rabin abin da ake faɗa.

"Yanzu za ki yi aikinki, Nurten. Tambaye ta abin da ya yi bayan ya ajiye wayar nan. Ki ba ni duka. Ni na haife ki, in kin rage ko kalma ɗaya zan gani a hancinki."

Nurten ta share fuska, ta tambaya. Jemma ta fara magana, Nurten na bin ta a baya, guntu-guntu, idonta a kan bango.

"Ta ce ya yi dariya. Ya ce, kin ji uwata, ba ta canza ba."

"Sai me?"

"Ta ce sai ya juya ya fuskanci bango. Bai ci komai ba ranar."

"Miyar kabejin fa?"

"Babu miya, Anne. Ya daɗe ba ya iya haɗiya. Ruwa ake ɗiga masa da auduga."

"Ci gaba."

"Ta ce ya hana a kashe wayarsa. Ko'ina aka kai shi tana ƙarƙashin matashinsa. Ya ce wataƙila za ki tuna ki kira."

Jemma ta sa baki da kanta, da Turkancinta. "Ya jira. Kullum. Waya."

Makbule ta rufe ido. Ta tuna ta yi niyyar kiransa. Ta ce bari a gama shanya tukuna, bari ya ɗan ji zafi, zai fi saurin sayen tikiti.

"Me ya sa shi bai sake kira ba?"

Nurten ta tambaya, ta saurara.

"Muryarsa ta dishe. Ya ce in kika ji ta za ki gane."

Ƙauri ya tashi. Helva ta kama a gindin tukunya, babu wanda ya motsa. Jemma ce ta miƙa hannu ta kashe wutar. Sannan ta ƙara wata magana, a hankali, tana duban Makbule.

"Me ta ce?"

"Anne, ya isa haka."

"Me ta ce?"

"Ta ce... a ƙarshe ba ya gane mutane. Yana ta kiran Anne, Anne. Ya kama hannunta, ya ɗauka ke ce. Ya sake roƙo. Sai ita ta amsa masa."

"Ta amsa masa da me?"

Jemma ta gane tambayar. Ta matso, hawaye har haɓa, ta faɗa yadda ta faɗa masa.

"Helal olsun. Helal olsun. Helal olsun."

Na yafe, halal ne. Sau uku, yadda ake yi.

Ta tsaya tana jiran ko za a rungume ta. Makbule ta dube ta daga sama har ƙasa.

"Faɗa mata na gode," ta ce. "Faɗa mata kuma ba nononta ya sha ba."

"Ba zan faɗa mata wannan ba."

"Kada ki faɗa. Kin saba."

Ta ɗauki tsumma za ta sauke tukunyar, sai ta tsaya da shi a hannu.

"Dakata. Baturiyar nan ko sannu da zuwa ba ta iya amsawa daidai ba da safe. Wa ya koya mata a faɗa sau uku? Erdal ba ya cikin hayyacinsa. Ke kuma kina nan tare da ni, ba ki je ko'ina ba."

Nurten ba ta fassara ba.

"Tambaye ta."

"Ban sani ba, Anne. Wataƙila a masallacinsu na can..."

"Kin ga hancin naki?"

Ƙofar baya ta buɗe, iska da ruwa suka shigo. Niyazi ne. Tun asuba ya fice, ya ce zai tsaya wajen maza a masallaci, daga can ya wuce maƙabarta. Bai dawo tarbar baƙi ba, bai dawo cin abinci ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe hularsa, bai ɗaga kai ya ga waɗanda ke ciki ba.

"Wane irin ƙauri ne wannan? Mata cike da gida a rasa mai..."

"Dede!"

Yarinyar ce ke kiran kakanta. Ta zame daga hannun uwarta, ta ruga a guje, ta faɗa jikinsa. Ta kama wandonsa tana tsalle a ɗauke ta. Da bai ɗauke ta ba, sai ta tura ɗan hannunta cikin aljihun rigarsa na ciki, na hagu, inda yake ajiye alewar na'ana'a. Ba ta laluba ba. Kai tsaye ta je.

Makbule ta kalli hannun nan. Yarinyar da yau ta fara taka ƙauyen, a ina ta san aljihun?

Ita ma kaka ce. Ita ma yarinyar ta sha ganinta a waya, ta sha jin muryarta. Tun hantsi take lallashinta da cuku da zuma, yarinyar ko yatsanta ta ƙi taɓawa.

Niyazi ya ɗago. Ya ga Jemma. Bai tambayi wace ce ba. Ya ga fuskar Nurten, ya ga ta matarsa, hular ta tsaya a hannunsa.

Bayan an gama sayar da findik ya tafi Istanbul. Ya ce yanar ido za a cire masa, ya ce zai zauna gidan ƙanwarsa har ya warke, kada ta wahalar da kanta ta bi shi, wa zai kula da saniya? Ita ta haɗa masa jaka. Ita ta sa masa burodin masara a ciki, da safa mai kauri. Da ya dawo ya rame, ba ya magana, ta ce zafin aiki ne, ta yi ta dafa masa romo.

Makbule ta ajiye tsumman a kan tebur. Ta zagayo ta tsaya dab da shi, har tana jin warin ruwan sama a rigarsa. Muryarta ta sauka ƙasa.

"Niyazi."

"Makbule, mutane na falo."

"Idon da aka yi maka aiki a Istanbul. Wanne ne?"

Hannunsa ya tashi zuwa na dama. Ya tsaya a hanya. Ya koma wajen na hagu.